Allah Sarki Zamanin Dariyar Takarda

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta, na san da yawanku ba ku taɓa jin sunan Akinola Lasekan ba. Ni ma ban riske shi ba, domin ya rasu tun 1972, amma ina jin sa a raina tamkar wani kawuna. Mutumin Owo ne, ta jihar Ondo a yau, kuma shi ake kira uban masu zanen barkwanci na jaridun Nijeriya. Yakan sa hannu da "Lash" a jaridar West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937. Ke dai bari! Bature na kan mulki, shi kuwa bawan Allah yana zana shi yana yi masa shaguɓe, talaka na kallo yana ƙyaƙyatawa. Gaskiya abokan hamayyar Zik ma ba su tsira daga alƙalaminsa ba, don shi ma yana da ɓangarensa.

Abin da ya kai ni ga sanin sa kuwa wata mujalla ce, Ikebe Super, wadda Wale Adenuga ya fara fitarwa a 1976. Muna 'yan mata a Bungudu, lokacin duk muna cikin jihar Sakkwato, sai a 1996 aka ba mu Zamfara. Yayana ke sayo ta a Gusau wajen masu jarida, ya tura ƙarƙashin katifa, domin akwai ɗan rashin kunya a cikinta, Baba ba zai lamunta ba. Da ya fita, mu kuma sai mu ɗage katifa.

Wayyo, Papa Ajasco! Ƙaton tumbi, ga sanƙo yana sheƙi, ga son mata kamar me, kullum kuma sai Mama Ajasco ta kama shi. Ga Boy Alinco ɗan iyayi, ga Miss Pepeiye wadda idonta ke kan aljihun maza. Turancin buroka ne, rabi muke ganewa, amma zanen ya isa. Inna ba ta yi boko ba, sai ta leƙo ta ce, "Ku diyan ga, mi kuka gani haka?" Muka nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga ai mijin maƙwabciyarmu na!" Ranar har tuwo ya kusa ƙonewa.

Kwafi ɗaya sai ya yi wata uku yana yawo. Idan an yi hutu na tafi da shi Tsafe gidan Gwaggo, 'ya'yanta su karanta, ƙawayensu su ara, ya dawo mini ba bango, da tabon manja a shafin tsakiya. Daga baya, ina karatu a Gusau, wata malamarmu ta ga ina kwaikwayon zanen a bayan littafi, ita ce ta ba ni labarin Lash.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Lash manya yake taɓawa, masu ikon ɗaure shi. Ikebe Super kuma hali take yi wa dariya, na tsoho mai budurwar zuciya da na yarinya mai kwaɗayi, ba ta kama sunan 'yar kowa. Kina dariya kina kuma duba kanki a ɓoye. Yanzu fa? Sai a ɗauki hoton yarinya ba da saninta ba, don takalminta ya tsinke ko ta yi kuskuren Turanci, a watsa a Facebook da TikTok, a ce wai barkwanci ne. Na san wadda ta yi mako biyu ba ta je makaranta ba a kan irin wannan, kuma waɗanda suka fi yaɗa hoton 'yan ajinsu ne, mata 'yan uwanta. Haba jama'a!

Papa Ajasco dai ya koma talabijin tun a shekarun 1990, katifar Yaya kuma ta daɗe da zama tarihi. Amma 'yar ƙanwata da ke aji biyu na sakandare ta iya zane sosai. Kwanan nan ta zana wani ɗan siyasa yana raba wa mata taliya da hannun dama, hagunsa na cikin lalitarsu. Uwarta ta ce ta yaga kar ta jawo musu magana. Ni kuwa na karɓe, na saya mata fensir da sabon littafin zane, na ce ta yi mini na mai sayar da fetur kafin Juma'a.