Mai Fenti da Gwangwaninsa

Masu gida kan auna gwanintar mai fenti da kyan bango, amma abokan sana'arsa bakin gwangwaninsa suke dubawa. Gwani kan huda kwarmin bakin da ƙusa, domin fentin da ya taru ya koma ciki, murfi ya zauna daram. Yakan gitta waya a bakin ya riƙa share buroshi a kanta, ya tace fenti da rariya, sannan ya rataye galan mai lita 4 a jikin tsani da ƙugiya. Wanda ya raina waɗannan ƙananan kaya kuwa, fentinsa kan bushe, daɓen mutane ya ɓaci, ribarsa ta ƙare a sayen kananzir na goge ɗigo. Da wuya a sake kiransa aiki.