Ni da Kekena a Hawan Kibo

Ni mutumin Kano ne, kuma duk wanda ya san ƙasar Kano ya san shimfiɗaɗɗiya ce. In ka ɗebe Dala da Goron Dutse, da wuya ka sami tudun da zai sa mai keke haki. Saboda haka na girma ina zaton na iya keke, alhali kuwa ƙasa ce take yi mini rabin aikin.

A shekarar 2022 na sayi keken tsere na hannu, da ɗan abin da na tara wajen koya wa yara karatu da yamma. Ranar da na shigo da shi gida, Baba ya zagaya shi sau biyu, ya dubi tayoyin nan sirara kamar yatsa, da kansa mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, sa'an nan ya ce, "Ina kariyar?" Na ce ba shi da ita. Ya ce, "To, keken da ba ya ɗaukar buhu, da me ya fi sanda?" Shi kuwa nasa Raleigh ne, baƙi, mai nauyi, wanda ya yi shekara da shekaru yana kai kaya kasuwa, da shi aka ciyar da mu. Na rasa amsar da zan ba shi, maganar kuwa ta zauna mini a rai.

Da hutu ya zo na tafi Jos wurin kawuna, na kuma ƙudura sai na hau Hawan Kibo, wato hawan nan da ke kan hanyar Akwanga zuwa Jos, wanda direbobin manyan motoci suke ambatonsa da fargaba. Da asuba na sa keken a mota, aka sauke ni a gindinsa, kusa da magangarar ruwan Assop.

Ya kamata mai karatu ya san bambancin tafiya a fili da hawan dutse. A fili babban abokin gabar mai keke iska ce, shi ya sa 'yan tsere suke bin bayan juna, na gaba yana tsaga wa na baya hanya. A hawa kuwa nauyi ne abokin gaba, naka da na kekenka, kuma ba bayan wanda za ka laɓe. Abin da giya take yi shi ne ta sauƙaƙa juya feda ta rage tafiyar da kowane juyi yake ci. Ba ta rage tsawon dutsen ko taki ɗaya.

Kwanar farko da ta biyu na wuce su ina jin kaina. Daga nan numfashi ya fara gajarta, cinyoyi suka ɗauki zafi, na yi ta sauke giya har na kai ta ƙarshe, yatsana yana ta neman wata babu. Tireloli suna rarrafe a gefena suna feso mini baƙin hayaki. Kowace kwana na hango sai in ce ita ce ƙarshe, in isa in tarar da wata a bayanta. A nan na gane abin da ake nufi da hangen Dala ba shiga birni ba. Can dai keken ya fara tangaɗi, na sa ƙafa a ƙasa.

Kunyar da na ji ta fi gajiyar, ko da yake na san tarihi ya ba ni mafaka. A 1910, da aka fara kai gasar kekuna ta zagaya Faransa manyan duwatsun Piranis, Octave Lapize da kansa sauka ya yi ya tura kekensa a mashigin Tourmalet, mai tsayin mita 2,115, kuma shi ne ya ci gasar ta shekarar. Amma shi a kan tsakuwa ya yi, tun kafin a halatta na'urar sauya giya a gasar a 1937. Ni kuwa ga kwalta, ga giya birjik.

Ina cikin turi sai na cim ma wani dattijo, shi ma yana tura baƙin keke irin na Baba, an labta masa itace har ya fi shi tsayi. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa, ya dubi kekena, ya ce, "Ɗan samari, ina kayanka?" Na ce ba ni da kaya. Ya ce, "Aike aka yi ka?" Na ce a'a, hawan kawai na zo yi. Ya yi shiru, ya ci gaba da turi. Muka jera ba mai magana, sai ƙarar itace da numfashinmu, har ya ratse wata 'yar hanya ya shige.

Sau uku na sauka kafin in kai sama, inda iskar sanyi ta busar mini da gumi nan take. Hutun da ya biyo baya na koma, na sauka sau ɗaya. Da na gaya wa Baba, tambaya ɗaya ya yi mini, wai a can saman me ake sayarwa.