Wasiƙa daga Kobe: Yasu, amintaccen maigida

Ƙanena,

Nan sanyi ya fara gangarowa daga tsaunin Rokko, iskar teku tana ƙara masa kaifi, amma alhamdu lillahi.

Ka ce in ba ka labarin wasannin kwamfuta na Japan, kana ta lissafo mini masu harbe-harbe. Ni wanda ya ɗauke mini hankali ya girme mu duka. Sunansa Portopia, Yuji Horii ne ya tsara shi, kamfanin Enix ya fitar a 1983. Labarin a nan Kobe ya faru, sunan kuma na wani baje koli ne da aka yi a 1981 a Port Island, tsibirin da aka cike teku aka gina. Jirgin ƙasa marar direba da ke zuwa can daga tashar Sannomiya shi nake hawa zuwa aiki.

In ka ga wasan dariya za ka yi. Hoto ne tsaye cak, mutane kamar zanen ɗan firamare, sai rubutu a ƙasa. An tsinci gawar Yamakawa, attajiri mai ba da bashi da ruwa, a ɗaki kulle. Kai ne babban jami'in bincike, amma ba a ganin fuskarka, kuma ba ka taɓa komai da hannunka. Yaronka Yasu kake umarta: je unguwar Hanakuma, buga waya, duba ƙasan teburin nan, kirawo wane ofis a yi masa tambayoyi. Shi ne idonka, shi ne ƙafarka. A fitowar farko sai ka rubuta umarnin da kanka. Da aka mayar da wasan kan na'urar wasa ta Famicom a 1985, wadda ba ta da allon rubutu, sai aka jera umarnin a gefe kana zaɓa, salon da ya bi Horii cikin wasan Dragon Quest a 1986.

Zan faɗa maka ƙarshen, don ni ma haka aka yi mini. Wani abokin aikina mai furfura, da ya ji na samo wasan, kafin in rufe baki ya ce Yasu ne ya yi kisan. Sauran abokan aiki suka kwashe da dariya. Ashe a ƙasar nan maganar ta zama abin barkwanci, har waɗanda ba su taɓa buga wasan ba sun san ta.

Sanin bai rage mini komai ba, ƙara mini ma ya yi. Kana aikensa yana amsawa da ladabi, kana tuhumar mutane ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye kusa da kai. Da ɗan gari akan ci gari. Daga ƙarshe sai ka umarce shi ya tuɓe riga, ya yi ta nauyin jiki, ka nanata har sau uku, sannan tabo mai siffar malam-buɗe-littafi ya bayyana a kafaɗarsa. Yamakawa ne ya cuci iyayen Yasu har suka kashe kansu. Na jima yatsana a kan maɓallin kafin in danna na ukun, wallahi. A ganina abin da ya riƙe mutane shekara 40 ke nan, sai da bakinka za ka tona asirin wanda ka dogara da shi.

A 2023 kamfanin Square Enix ya sake fitar da wasan kyauta, da basirar na'ura wai don Yasu ya riƙa fahimtar duk abin da ka rubuta. Masu wasa da yawa sun yi ƙorafin bai gane maganarsu. Tsohon wasan dai har yau ana nemansa a shagunan kayan gwanjo na Nipponbashi a Osaka.

In kana son bugawa, fara koyon baƙaƙen Japananci na hiragana tun yanzu, 46 ne kacal. Ranar Juma'a in na dawo daga masallacin Kobe, wanda aka gina tun 1935, zan kira Inna. Ka ce mata yajin da ta ba ni ya kusa ƙarewa.

Yayanka