Gem Tafi-da-Gidanka a Zangon Agege

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To amma a ranar 3 ga watan Maris na shekarar 2017, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wata na'urar wasa mai suna Switch, wadda ta ce ita za ta tauna. Kafin zuwanta, na'urorin wasan bidiyo, wato gem kamar yadda aka fi sani, kashi biyu suke. Akwai na girke, waɗanda ake jona wa talabijin a zauna gabansu, irin su PlayStation. Akwai kuma na hannu, irin su Game Boy da shi wannan kamfani ya fitar a 1989. Ita kuwa Switch sai ta haɗa biyun. A wannan ɗan rubutu ina so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na gani a farkon haɗuwata da ita, da kuma dalilin da ya sa nake ganin maganarta ta shafi sashenmu.

Ni dai Bayarabe ne, haifaffen Agege a Jihar Legas, saboda haka Hausa ba a nono na sha ta ba. Duk wanda ya san Agege ya san cewa Hausawa sun daɗe a cikinta. Fataucin goro ne ya zaunar da da yawa daga cikin kakanninsu, musamman bayan da layin dogo daga Legas zuwa Ibadan ya ratsa garin a 1901. Har yau akwai Zango, akwai Sarkin Hausawa, akwai kuma matasan da suke juya harshe uku a zama ɗaya. A cikin irin waɗannan matasa na tashi, kuma makarantata ta farko ta koyon Hausa ita ce shagon gem na bayan layinmu. Talabijin biyu, benci ɗaya, yara kamar ashirin suna jiran layi. A nan na fara jin "ba ni hannu", da "ya sha kashi", da "wanda aka ci ya tashi", tun ban san mene ne aikatau ba balle giredinsa.

A hutun ƙarshen zango na 2023 ne yayan wani abokina ya sayo Switch ta hannu a kasuwar Computer Village da ke Ikeja. Da ganin farko ba ta cika mini ido ba. Wani ɗan allo ne mai inci shida da ɗoriya, da 'yan hannuwa biyu maƙale a gefensa, ɗaya ja ɗaya shuɗi, waɗanda kamfanin ke kira Joy-Con. Tana da wani mazauni na roba da ake jona wa talabijin. In ka zura allon a ciki, hoto ya koma talabijin. In ka zaro shi, hoto ya dawo hannunka, wasa kuma yana nan inda ka bar shi. Su kuwa wasannin suna zuwa ne a wani ɗan kati da bai fi kan babban yatsa ba, wanda aka shafa wa wani abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye. Ba sai na faɗa ba, sai da kowannenmu ya lasa. Gani ya kori ji, ɗanɗano kuma ya kori gardama.

Abin da ya fara burge ni shi ne sha'anin wuta. Wataƙila waɗanda suka ƙera ta matafiya a jirgin ƙasa suke tunani, amma ka ce don Agege suka yi ta. A shagon gem, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, shi ke nan an yi asara. Wanda ke kan gaba da ci biyu ya rantse shi ya yi nasara, ɗayan ya ce ai saura minti goma, mai shago kuma ya ce kuɗi ba ya dawowa. Ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai an yi lissafi. Ita wannan kuwa batirinta na cikinta. In talabijin ya mutu sai a zaro ta a ci gaba. Samfurin farko yana kai awa biyu da rabi zuwa shida da rabi, gwargwadon nauyin wasan, wanda aka gyara a 2019 kuma ya fi haka jimawa.

Amma fa ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Da ta fito, kusan dala 300 ake sayar da ita a Amurka, katin wasa ɗaya kuma kan ci kuɗin abincin ɗalibi na makonni. Sannan matasanmu ƙwallo suka fi so, hotonta kuwa bai kai na PlayStation 4 kyau ba. Shi ya sa ban ga mai shagon da ya yar da tsohuwar na'urarsa saboda ita ba.

Babban abin da ya dame ni shi ne wannan: in kowa zai iya ɗaukar gem ɗinsa ya shige ɗaki, ina makomar benci? Mun ga yadda waya ta yi da majalisar hira, mutum biyar a zaune, kowa kansa a sunkuye. Da a haka na tashi, da yau ban iya Hausa ba. Sai dai wani abu ya kwantar mini da hankali. Hannuwan nan biyu suna zamewa daga jikin allon, kowanne ya zama na mutum guda, allon kuma yana da 'yar ƙafa a baya da yake tsayawa a kanta. Ke nan tun daga kwalinta ta zo da kason baƙo. Wata rana da daddare muka girke ta a teburin mai shayi muna tseren motoci na Mario Kart, kafin ka ce kwabo an yi mana zobe. Wani dattijo mai sayar da goro ya leƙo ya ce, "Samari, wannan waya ce ko talabijin?" Abokina ya ce, "Baba, ai jemage ce, ba ta cikin tsuntsaye, ba ta cikin dabbobi." Dattijon ya yi dariya ya ce, "A'a ɗana, ku dai ce gem tafi-da-gidanka."

A nan ne maganar ta zo kanmu. Na duba jerin harsunan da na'urar ke magana da su, na ga Japananci da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da sauransu, amma babu Hausa, babu Yarbanci. Duk da haka, hirar da ake yi a kanta a Zango kaf da Hausa ake yi. Cikin mako guda yara sun raɗa wa kowane sashe nata suna. Joy-Con ya zama hannu, mazaunin ya zama kujera, katin wasa ya zama kaset, ko da yake yawancinsu ba su taɓa riƙe kaset na gaske ba. Babu kwamitin da ya zauna, babu farfesan da aka tuntuɓa. Haka Hausa ta saba yi wa baƙon abu. Ta kalli abin da ke tashi ta ce jirgin sama, ta kalli fanareti ta ce bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta kalli salula ta ce wayar tafi-da-gidanka. Dattijon nan bai yi komai ba illa bin wannan tsohuwar hanya.

Abin tambaya shi ne, wa ke rubuta waɗannan kalmomi? Kowace shekara muna neman batun kundin kammala digiri, sai mu yi ta zagaye abin da aka riga aka tatse. Ga fage nan a buɗe: Hausar shagon gem, yadda take aro, yadda take ƙirƙira, da yadda ta Agege ta bambanta da ta Kano ko ta Zariya saboda maƙwabtaka da Yarbanci da Turancin buroka. Kuma abin ba ya jira. Tuni kamfanin ya fitar da Switch 2 a ranar 5 ga Yunin 2025, kuma kowace sabuwar na'ura takan binne kalmomin wadda ta gabace ta.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, musamman waɗanda suka koyi Hausa da girma irina, in kun je hutu ku riƙe ɗan littafi da biro, ku zauna inda yara ke wasa, ku kasa kunne. In kuma Allah ya hore wa ɗayanku irin wannan na'ura, kada ya kulle ɗaki da ita. Ya zare hannu ɗaya ya miƙa wa na kusa da shi. Allah ya ba mu sa'ar karatu, amin.