Gonar da Ba a Rabawa Gado

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauyukan ƙasar Anka, tun muna ƙarƙashin Sakkwato, ya san akwai dukiyar da magada ba su taɓawa, wato wakafi. Tsoho idan ya ji jiki ya yi nauyi, sai ya aika a kira liman da mai gari da manyan 'ya'yansa, a zauna a zaure. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ku shaida, wagga gona ta bakin fadama ta makaranta ta. Kowa ya sai da ta, shi da Allah." Liman ya auna a zuci ya ga abin bai haura sulusin dukiya ba, don iyakar wasiyya ke nan a Risala. A shafa fatiha, a fasa goro. An gama ke nan. Takardar shaidar tana cikin kawunan waɗanda suka ci goron.

Mu yara a Abare mun fi sanin irin wannan gona da ranar gayya. Ranar Alhamis ake sa ta, tunda ba karatu. Gardawa a gaba, samarin gari na biye, mai ganga na zuga su, mu ƙolaye aikinmu kai ruwa da korar awaki. Kafin azahar sai ka hango mata sun jero da ƙoren fura a ka, nono mai tsami, ga ƙamshin citta da kanumfari ya gauraya da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da kaka kuwa a ɗaure dawa a kai rumbun malam, a haɗa da zakkar gari, dami ɗaya cikin goma. Malam ba shi kaɗai ke ci ba. Daga rumbun nan ake ɗibar wa makaho da gwauruwa da baƙon da dare ya yi wa, kuma bayan isha ake kai musu, don kada maƙwabci ya gani.

Wakafin mata ya fi ƙanƙanta, amma a ganina shi ya fi riƙe makarantar. Kakata tana da akuya da ta ce ta allo ce. Duk ɗan da ta haifa a sayar a sayo takarda da ƙaro na haɗa tawada. Akuyar kamar ta san matsayinta, don babu dangar da ba ta keta ba, kuma ba mai iya dukanta. Kowane gida da ƙwaryar almajirinsa, ana zuba masa tuwo tun kafin a zuba na maigida. Wata tsohuwa tsamiya guda ta bari, ta ce 'ya'yanta na kunun masu azumi ne, inuwar kuma ta kowa.

Sai kuɗin laraba. Anini ne, ko ɗari, ɗan mai hali ya kawo kwabo. Wanda gidansu babu ya zo da ƙwai ko zangarniyar gero, malam ya karɓa ya sa albarka iri ɗaya. Matsalar kawai mai ƙuli-ƙuli tana kan hanyar makaranta, shi ya sa kwabo ya cika faɗuwa cikin rairayi ranar Laraba. Malam kan saurari labarin ɓatan har ƙarshe, sa'an nan ya ce wa yaro, "Matso, hura min iska." Ƙamshin gyaɗa ke yanke hukunci.

Da dare, kowa ya kawo karansa a hura wuta, hayaƙi na shiga ido ana karatu da ƙarfi. A irin wannan zama ne malam ke gaya wa manya asalin abin: yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, da yadda Sayyidina Umaru ya tsayar da gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta. Daga baya muka ji cewa Azhar ta Misra ma da irin wannan dukiya ta rayu ɗaruruwan shekaru. Mu tamu Azhar rumfar kara ce.

Ba na cewa mutanen da duk waliyyai ne. Akwai maƙwabcin da kowace damina yakan ci kunya guda daga gonar makaranta, har sai dattawa sun yi masa barazanar alƙalin Anka. Amma a farin 1973, lokacin da mudu ya gagari talaka, an buɗe rumbunan nan, kuma akwai masu furfura a yau da hatsin mamaci ya raya.

Da aka kawo ilimin firamare kyauta a 1976, gwamnati ta gina aji da rufin kwano, ta kawo benci da alli. Mun yi murna, sai dai ban taɓa ganin tsohon da ya bar wa firamare gona ba. Ana ganinta ta gwamnati ce, in rufin ya yaye a jira gwamnati. Nan na ga mun yi sake. Aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999, aka kafa Hukumar Zakka da Wakafi mai ofis da rajista. Tana nata ƙoƙarin, amma tsamiyar tsohuwa ba ta cikin kowane fayil.

Sannan zinari ya zo. Ana niƙa dutse a tsakar gida, inda ake daka hatsi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Abare da Dareta da Bagega da 'Yargalma ta Bukkuyum da maƙwabtansu, yawancinsu ba su kai ga riƙe allo ba. Likitoci suka zo daga ƙasashen waje, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Ba mu gama share hawaye ba 'yan bindiga suka shigo. Gonar da ke nesa da gari ta gagari noma, ta makaranta ce ko ta wa. Dattawan da suka san iyakokin, wasu sun rasu, wasu suna zaman gudun hijira a Anka da Gummi da Gusau, kuma ba mai tambayarsu.

Kuɗin laraba dai yana nan bai mutu ba. Jikana yana karatu a wata tsangaya a Gummi, uban ta waya yake tura wa malam kuɗin. Na tausaya wa yaron, don shi ba shi da kwabon da zai faɗi a rairayi.