Duna da Jikokina

A shekarar 2009, bayan na yi ritaya daga ma'aikatar gona na dawo gidana a Zariya, ɓarayi suka haura mana katanga sau biyu cikin wata guda. Sai wani tsohon abokin aikina ya kawo mini ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, irin waɗanda muke kira karen 'yan sanda. Na karɓa ba tare da ɗar ba, tunda shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadin gida. Na yi masa ɗaki a bayan gida, nesa da inda muke salla, muka sa masa suna Duna. Tun daga nan ba wanda ya sake taka mana katanga.

Shekara biyu muna zaune lafiya, sai aka yi wa ɗana canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, ya bar mana iyalinsa da yara uku. Da la'asar in sun taso daga Islamiyya sun fara guje-guje a tsakar gida, sai Duna ya miƙe, ya kafa kunnuwa, ya shiga zagaye su. Wanda duk ya ware gefe sai ya sha gabansa ya koro shi cikin 'yan'uwansa. In yaron ya ƙi, ya kama masa bakin wando. Ba haushi, ba gurnani. Ina kan tabarma ina kallo, har murmushi nake yi.

Matata Hajiya ce ta fara ganewa. Ta ce, "Alhaji, karen nan fa ba wasa yake yi ba. Dubi yadda yake binsu da ido." Na ce mata tsoro ne kawai irin nata. Sau uku ta faɗa mini, sau uku na share maganar, don ina son karen kuma ba na so a ce na yi kuskure.

Wata ranar Alhamis ƙaramar jikata, takwarar mahaifiyata wadda nake kira Inna, ta ji muryar mai rake ta sheƙa da gudu zuwa zaure. Shekararta huɗu. Duna ya bi ta ya cafke ta a saman dunduniya, haƙori biyu suka shige. Muka wanke wurin da sabulu da ruwa kusan minti 15, muka garzaya asibiti. Ko da yake duk shekara ana yi masa allurar rigakafin haukan kare, an yi wa yarinyar tata allurar, shi kuma aka tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Ciwon ya warke cikin mako biyu. Firgitar ce ta daɗe: ta daina fita tsakar gida, cikin dare ta farka da ihu ta ƙanƙame uwarta.

Na ɗaure Duna da sarƙa wata biyu, kuma nan na yi laifi na biyu. Ya rame, ya tone ƙasar wurin, in dare ya yi ya kama kuka. Maƙwabta wasu suka ce in sa masa guba, wasu suka ce in sayar wa masu cinsa. Zuciyata ta ƙi.

Wani matashin likitan dabbobi ne ya warware mini. Ya ce asalin wannan iri daga Jamus yake, inda a 1899 wani tsohon hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar masu renonsa, kuma don kiwon tumaki aka yi shi tun farko. Ya ce, "Baba, ba mugunta ba ce. Ba ka ba shi tumaki ba, shi ya sa ya mai da jikokinka garke." Hali zanen dutse. Ni da na yi shekara 30 ina hulɗa da makiyaya, na kasa gane kiwo a tsakar gidana.

Na nemi wani aminina mai gona a wajen Shika ya karɓi Duna, yana da balami kusan 40, kuma babu ƙananan yara a wurin. Ban ɓoye masa komai ba, har tabon ƙafar Inna na kwatanta masa. Wanda ya ba da kare ya ɓoye cewa ya taɓa cizo, to alhakin yaron da za a ciza gaba yana wuyansa. Na haɗa masa da katin allurarsa da kwanonsa da buhun da yake kwanciya a kai. Da motar ta tashi ban iya tsayawa a ƙofar gida ba.

Bayan wata uku na kai ziyara. Duna ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi. Ya rugo ya shinshini bakin rigata yana kaɗa wutsiya, sai wata tunkiya ta nufi gonar dawa, ya bar ni tsaye ya tafi ya koro ta. A gonar ya tsufa, ya mutu a 2019.

Inna yanzu tana jami'a. Tabon yana nan, kuma har yau in ta hango kare sai ta tsallaka ɗaya gefen titi.