Daga Dutsen Kerang Zuwa Tuddan Bodinga

A Bodinga na tashi, inda abin da muke kira dutse tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai wanda jar marmara ta lulluɓe. Sai da aikin jarida ya kai ni Kerang, a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato, na fara taka dutsen da ya taɓa aman wuta.

Mun kama hawa bayan sallar asuba, ni da wani manomi ɗan ƙabilar Mwaghavul da ya yarda ya yi mini jagora. Tsaunin yana da siffar tulin hatsi, tsakuwarsa kuma tana zamewa a ƙarƙashin takalmi, har sau biyu ina dafa ƙasa. Da muka tsaya hutawa, ya miƙo mini wani baƙin dutse mara nauyi, duk jikinsa ramuka kamar saƙar zuma. "Malam, wannan ne abincin gonakinmu," in ji shi.

Maganarsa tana kan hanya. Ramukan gurbin iska ne da ta kuɓuce lokacin da narkakken dutse ya fito daga cikin ƙasa ya daskare. Idan ruwa da rana suka daɗe suna cin irin wannan dutse, yakan ruɓe ya zama ƙasa mai albarka, wadda tare da sanyin wurin take fitar da dankalin Turawa. Ruwan sama kuma yakan ratsa tsagogin dutsen ya tace, ya ɓullo a gindinsa. Daga maɓuɓɓugar Kerang ake ɗura ruwan Swan da muke saya a Sakkwato.

A ƙololuwa ya tambaye ni yadda duwatsun garinmu suka samu. Na yi shiru, kunya ta kama ni: na yi digiri a kan ba da labari, ban san labarin ƙasar da aka binne cibiyata ba.

Da na dawo gida na bincika. Ashe kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, teku mara zurfi ne ya mamaye ƙasar Sakkwato, ya ratsa inda Sahara take a yau. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, ragowar ƙwansunan halittun tekun nan ne. A Dange, maƙwabciyarmu, akwai sinadarin fosfet da ake haɗa takin zamani da shi. Akwai ma wata dabbar ruwa ta zamanin da, Goronyosaurus, wadda masana suka raɗa wa sunan Goronyo.

Makon jiya na hau wani tudu a hanyar Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Na tafi da ɗan yayata mai shekara 12, wanda a littafin makarantarsa ya san duwatsun Japan amma bai taɓa jin cewa garinsu ƙasan teku ne ba. Ya cika aljihunsa da tsakuwa, ya ce zai kai wa malaminsu ranar Litinin.